Katakan Aro da Almu Ya Goge

Ranar Asabar da la'asar Zarah ta shigo gida da wata doguwar jaka a kafaɗa, mai tsawon da sai da ta karkata ta kafin ta wuce ƙofar flat ɗin. Babanta Almu yana zaune a falo yana yanke farce. Ya dubi jakar, ya dubi 'yarsa.

"Uwata, gorar tuƙa jirgi kika samo mana?"

Uwata yake ce mata, domin sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Ski ne, Baba. Na gaske, ba mai taya ba. Morag ce ta ara mini. An ce gobe da yamma za a yi snow."

Morag wata dattijuwa ce 'yar Scotland da ke koya wa mutane tafiyar zamiya a kan dusar ƙanƙara. Da yake London ba ta cika samun dusar ba, a kan kwalta take koyarwa, da wasu gajerun katakai masu tayoyi. Wata uku ke nan duk Asabar Zarah na zuwa wurinta. Dalili kuwa, jami'arsu ta ba ta gurbi na wata shida a wani gari can arewacin Norway, daga watan Janairu. Ɗalibai a can a kan ski suke shiga daji su auna dusar ƙanƙara, wanda bai iya ba ba ya bin su. An ba ta zuwa ranar Juma'a ta ce za ta je ko ba za ta je ba, ga shi kuwa ba ta taɓa ɗora ƙafa a kan ski na gaske ba.

Almu bai hana ba, bai kuma ce a je ba. Duk lokacin da aka ta da maganar sai ya ce, "Allah Ya zaɓa mafi alheri," ya tashi ya duba ko an kashe gas. Shekararsa ashirin da shida a London, goma sha tara a Abbey Wood, yana aikin kula da ginin wata makarantar firamare. Mutum ne da idan jirgin ƙasan da Zarah ke hawa ya makara da minti goma, sai ka gan shi bakin taga da waya a hannu. Ita kaɗai Allah Ya ba su, shi da matarsa Saudatu. Ya nemi garin nan na Norway a taswira, ya ga ya kusa faɗawa bayan takarda. Da aka gaya masa a Janairu rana ba ta ko fitowa a can, sai ya tambaya yadda ake gane azahar, daga nan bai ƙara tambaya ba.

Washegari Lahadi Zarah ta tafi kantin da take aiki a Stratford. Bayan azahar Almu ya kasa zama. Ya jawo jakar, ya zuge ta, ya fito da katakan. Katakai yake ce musu ko da yake roba ce da wani abu mara nauyi. Dogaye ne, sirara, an haɗa su ciki da ciki an ɗaure da madauri biyu. Ya kwance, ya kifa ɗaya a cinyarsa, ya bi cikinsa da tafin hannu tun daga kai.

Daga gaba sumul yake kamar bayan tarwaɗa. Daga baya ma haka. Amma tsakiya, daidai inda ƙafar mutum za ta tsaya, sai ya ji kaushi. Ya kai shi bakin taga ya duba. Wurin duk ya yi gargada, tsaga-tsaga, tsawonsa ya fi kamu ɗaya. Ya duba ɗayan, shi ma haka.

Ransa ya ɓaci. Wato tsoffin kaya aka ba 'yarsa, waɗanda kwalta ko duwatsu suka cinye. Abin da aka yi don ya zame, ina shi ina kaushi? Wannan ai ko ba a gaya masa ba ya sani, domin a gidan sassaƙa aka haife shi.

Mahaifinsa masassaƙin jirgin ruwa ne a wani tsibiri cikin ƙasar Yauri. Almu ya tashi ne cikin ƙamshin ɗanyen maɗaci da ƙarar gizago tun kafin a gama lazimin asuba. Idan an gama fafe jirgi aka kifa shi a bakin ruwa, tsohon yakan rufe ido ya bi cikinsa da tafin hannu daga goshi har wutsiya. Inda duk hannunsa ya tsaya, sai ya yi alama da gawayi ya miƙa wa Almu ƙarfen kankara. Ba ya faɗa, ba ya yabo. Abin da yakan ce kawai shi ne, ruwa ba ya yafe kaushi, duk inda ka bari sai mai tuƙi ya biya da kafaɗarsa. Almu yana da shekara tara ya fara kankare cikin jirgi, har tsohon ya zo yana bin aikinsa da hannu ya wuce bai tsaya ba. Ranar da hakan ta fara faruwa, an ba shi kan giwan ruwa shi kaɗai a tuwon dare.

Ya ɗauko akwatin aikinsa ya fita baranda, ya ɗora katakan a kan kujeru biyu. Ya fara da kurfi, ƙarfen kankare katako, a hankali, yana aske tudun, sannan samfefa mai kaushi, sannan mai laushi. Sanyi na cizon yatsunsa, bai ji ba. Rabon da hannunsa ya yi aikin da ya san kansa haka har ya manta. A makaranta ƙwan lantarki yake canzawa, ya buɗe magudanar da yara suka toshe da takarda.

Saudatu ta leƙo da kofin shayi.

"Malam, kayan aro ne fa."

"Shi ya sa. A mayar wa mai shi ya fi yadda ya bayar."

"Ka tambayi yarinyar?"

"Me ta sani a kan katako? Ke dai ajiye shayin."

Ta ajiye, ta tsaya tana kallonsa. Wata 'yar waƙa yake yi a maƙogwaro, irin ta masu tuƙi, wadda rabon da ta ji ta tun suna ɗaki ɗaya a Deptford. Sai ta fasa abin da za ta ce, ta koma ciki.

Sai da ya shafe awa biyu. Da ya gama ya rufe ido ya bi kowanne da hannu, hannun bai tsaya ko'ina ba. Ya goge da tsumma, ya haɗa su ciki da ciki, ya ɗaure kamar yadda ya same su. Bai yi niyyar faɗa ba. So yake ta hau ta ji daɗinsu tukuna.

Bayan magariba dusar ta fara zuba, manya-manya, ba iska. Kafin isha motocin layin duk sun yi rawani.

Da safiyar Litinin aka bugo masa waya an rufe makaranta. Zarah ta riga ta shirya tun kafin gari ya gama wayewa, da hula a kan ɗankwalinta da takalman ski masu ƙarfe a hanci. Almu ya sa wando biyu, riga uku, ya ce shi zai ɗauki jakar. Suka hau tudu a ƙafa zuwa filin Bostall, domin bas ba ta tafiya. London ta yi tsit kamar ba ita ba. Dusar sabuwa ce, busasshiya, tana ƙara a ƙarƙashin takalmi kamar ana taka garin sitaci.

Zarah sai surutu take, rabi Hausa rabi Turanci. Ta ce Morag ta ce dusa ba iri ɗaya ba ce. Akwai sabuwa mai laushi irin ta yau, ita ce mai sauƙi ga ɗan koyo. Akwai jiƙaƙƙiya mai manne wa ƙafa. Akwai wadda ta kwana ta daskare ta zama gilashi.

"Kamar ruwanmu ke nan," in ji Almu. "Akwai farin ruwa na damina, akwai baƙin ruwa mai zuwa da sanyi daga yamma. Kakanki da ƙafa yake gane su."

"Ka taɓa faɗa mini, Baba."

"To na sake."

A filin akwai masu yawo da karnuka, da iyaye suna jan 'ya'yansu a kan farantan roba. Almu ya durƙusa ya kwance katakan da kansa, ya shimfiɗa mata su a kan dusar, ya riƙe mata gwiwar hannu har takalman suka maƙale a jikinsu ƙas. Ta karɓi sandunan dogarawa guda biyu, ta yi bisimilla, ta taka ƙafar dama don ta tura kanta gaba.

Ƙafar ta zame baya. Ta taka ta hagu, ita ma ta zame. Ta tsaya inda take tana tafiya ba ta tafiya, kamar mai dama laka, sannan ta kife.

Ta tashi tana dariya. Ta sake. Ta sake faɗuwa.

Almu ya ce a ransa farko ne, kowa da haka yake farawa. Da suka juya wajen gangara kuwa katakan suka kwashe ta kamar kibiya, har sai da ta zube da gangan kusa da wata bishiya, zuciyarsa ta yi tsalle ta koma, amma can ƙasa ya ji daɗin aikinsa. Sai dai gangarar da ta sauka cikin ƙiftawar ido ta gagare ta hawa. Tudun bai kai a kira shi tudu ba, tsohuwa da sanda ma za ta haye shi. Zarah ta dogara da sandunan har hannayenta suna rawa, ta yi gaba taku ɗaya ta dawo biyu. Dariyar ta ƙare. Wajen sha ɗaya rana ta ɗan leƙo, dusar ta yi nauyi ta jiƙe, ta ce bari ta gwada a wannan ko za ta fi kamawa. Ba abin da ya canza. Gwiwoyin wandonta sun jiƙe sharkaf. Wani mai kare ya tsaya ya ba ta shawara, ta gode masa ba ta dube shi ba.

Daga ƙarshe ta cire takalman daga katakan, ta juya baya tana share fuska da safar hannu. Almu ya tattara, ya haɗa, ya ɗaure, ya zuge jaka.

Sun yi rabin gangarowa gida kafin ta yi magana.

"Morag ta ce waɗannan ko ɗan shekara biyar zai iya hawa tudu da su. Shi ya sa ta ba ni su."

"Kowane abu da ranarsa, Uwata."

"Ba ka gane ba, Baba. Na 'yan koyo ne. A cikinsu, a tsakiya, an yi musu wani abu kamar ɓawon kifi. Idan ka taka, shi ke cizon snow ya hana ka komawa baya, idan ka tura gaba kuma ya kwanta. Ba sa bukatar komai. Ga snow mafi sauƙi, ga ski mafi sauƙi. To saura wa? Ni ce."

Almu ya ci gaba da tafiya domin ƙafafunsa ba su san su tsaya ba. Jakar ta yi masa nauyi a kafaɗa. Ɓawon kifi. Shi da ya girma yana kankare karfasa, ya san idan ka shafa ta daga kai zuwa wutsiya sumul, idan ka dawo da hannu ta kama ka. Jiya a bakin taga gefe ɗaya kawai ya duba.

"A can kilomita goma suke yi da kaya a baya," in ji Zarah. "Ba zan je in zama wadda ake jira ba. Zan rubuta musu in ce a ba wani."

Ya buɗe baki. Abin da ya fara zuwa masa ba kunya ba ce. Wani sanyi ne ya sauka a ƙirjinsa, irin wanda yakan ji idan ya hango ta ta shawo kwanar layinsu da yamma. Ba Norway, ba duhu da rana tsaka, ba daji.

"Yaushe za ki mayar wa matar kayanta?" ya tambaya.

"Sai bayan sabuwar shekara, idan an koma class."

Juma'a kwana huɗu ce. Ya rufe bakinsa.

Da suka isa gida ya ɗora jakar can saman kabad na ɗakinsu, ya tura ta ciki. Zarah ta ba uwarta labari a kicin, da ɓawon kifin da komai, sannan ta shige ɗaki ta rufe. Bayan magariba Almu ya shiga neman ruwan zafi, ya tarar da Saudatu tana yanka kuɓewa. Ba ta ɗago ba.

"Malam, baƙar ƙurar nan da na share jiya a baranda."

"Na sani."

"Gyaran gangar Auzinawa."

"Na ce na sani, Saudatu."

Ta zuba kuɓewar a tukunya, ta rage wuta.

"Ni ma ba son tafiyar nan nake ba. Tun da aka fara maganar ban yi barcin kirki ba. Ba zan faɗa mata ba, ba ni na riƙe samfefa ba. Amma ka ji abin da take cewa? Ba cewa take ba ta so. Cewa take ba ta iya ba."

Ya tsaya da butar a hannu.

"Wata shida ne kawai," in ji ta.

"Ni ma shekara biyu na ce."

Ta san sauran.

Ranar Talata ya fita da sassafe ya watsa gishiri a harabar makaranta. Dusar jiya ta kwana ta daskare, inda aka taka ya zama gilashi, inda ba a taka ba ya yi ɓawo yana ɓarkewa kamar ƙanzo. Yana tura baron gishirin, hankalinsa yana tsibiri.

A garinsu ba wanda ke tsallakawa Yelwa da sanyin safiya sai mahaifinsa ya duba ruwa. Yakan shiga har idon sawu, ya tsaya, ya dubi inda igiyar ruwa ke karyewa a jikin dutse. Idan ya ce yau ba a hawa, ko amarya ce sai ta kwana. Ba a taɓa yi masa musu ba. Ranar da Almu zai bar gida, motar da za ta kai shi Legas ranar kasuwa kaɗai take tashi, idan ta wuce takardunsa sun lalace. An yi iska da daddare. Da tsohon ya ce ba a hawa, da ba mai cewa uffan, har shi Almu. Tsohon ya shiga ruwan ya daɗe a tsaye, ya fi yadda ya saba daɗewa, bayansa ga mutane. Almu yana iya ganin ƙeyarsa har yanzu, da tsohuwar hular da ta koɗe. Sannan ya juyo ya ce, "Zai ɗauka. Ku sa kaya." Shi ya tuƙa da kansa. Da suka isa Almu ya sauka, sai tsohon ya ce masa ya riƙa rufe ƙirjinsa, an ce can akwai sanyi.

Shekara biyun ta zama bakwai kafin takardu su daidaita ya iya komawa. Ya tarar da kabarin tsohon, da wani jirgi da ba a gama fafewa ba, kaji suna ƙwai a ciki.

Gishirin ya ƙare. Ya tsaya riƙe da baro a tsakiyar harabar har shugabar makarantar ta buɗe taga ta tambaye shi ko lafiya.

Da yamma bayan sun ci abinci, Zarah ta zauna a kan kafet da kwamfuta a cinya. Ta juyo masa da ita.

"Na rubuta, Baba. In tura? Ka ga hankalinka ya kwanta, ka daina duba gas sau biyar."

Murmushi take yi, amma idanunta sun kumbura. Saudatu tana ninke kaya a kujera, hannunta ya tsaya.

"Dakata," in ji Almu.

Ya shiga ɗaki, ya taka kujera, ya sauko da jakar. Ya kwance madaurin a gabanta, ya raba katakan, ya kifa su a kan kafet ciki a sama. Suna ƙyalli a hasken fitila daga kai har ƙarshe.

Zarah ta duba. Ta sa yatsa a tsakiyar ɗaya, ta ja gaba, ta ja baya.

"Ina yake?"

"Na goge shi. Ranar Lahadi, kina wurin aiki. Na zaci lalacewa ce."

Da ta buɗe baki Turanci ne ya fito, da sauri, wanda rabinsa ya wuce shi. Ya ji sunan Morag, ya ji awa biyu tana faɗuwa a gaban mutane, ya ji kwana biyu tana ganin kanta ba ta da amfani. Bai katse ta ba. Sannan ta koma Hausa, a hankali, kamar mai tsoron amsar.

"Da gangan ka yi?"

"Gogewar ba da gangan ba ce. Allah Ya sani gyara na yi niyya." Ya dubi hannayensa. "Shirun da na yi tun jiya a hanya, shi ne da gangan."

Ta rufe kwamfutar. Ta tashi ta shiga ɗakinta. Ba ta buga ƙofar ba, ta dai rufe ta.

Can sai ga ta ta fito da waya a hannu, ta yi wa uwarta magana ba shi ba. Ta ce Morag ta ce a kawo katakan filin gobe da ƙarfe tara, tana so ta gani da idonta.

"Ni zan kai," in ji Almu. "Wanda ya ɓata kayan aro shi ke mayarwa da hannunsa."

Morag ƙaramar mace ce mai furfura, fuskarta duk tamoji, da jaka a baya. Ta riga su zuwa. Almu ya cire hularsa ta sanyi duk da iskar da ke yanka kunne, ya miƙa mata katakan da hannu biyu, ya yi bayani da Turancinsa na wurin aiki. Ta cire safar hannu, ta bi cikin ɗaya da yatsu. Ta ce shekara ashirin da biyar suna wurinta, mutum fiye da ɗari sun fara tafiya a kansu, kuma an daina yin irinsu. Ya ce ta yi haƙuri.

"Da me ka yi?" ta tambaya.

"Kurfi da samfefa."

"Da hannu?"

"Da hannu."

Ta ɗaga katakon ta hango shi ta tsawonsa da ido ɗaya. Ta ce ba ta taɓa ganin ɓarna mai kyau kamar wannan ba. Sannan ta ce ya mayar da hularsa kafin kunnensa ya faɗi.

Ta durƙusa ta buɗe jakarta, ta fito da wani tsohon gwangwanin biskit. A ciki akwai 'yan dunƙulen kaki masu launi-launi. Ta ce wa Zarah babanta ya fitar da ita daga ajin 'yan koyo ba shiri. Ski mara ɓawo da kaki ake hawansa, kuma kakin sai ya dace da dusar ranar. Shuɗi na busasshiya ne mai tsananin sanyi. Ja na wadda ta kusa narkewa. Ta buga ƙasa da dunduniya, ɓawon ya yi ƙara. Ta ce wannan ta kwana uku, ta narke ta daskare, ba dunƙulen da zai kama ta. Ta zaro wani abu kamar man goge baki, ta matsa a tsakiyar katakon, wani abu ya fito mai yauƙi kamar ƙaro.

Dama ta riga ta kankare wurin kaɗan da samfefarta, sai ta miƙa wa Almu katakon. Ta ce tunda hannunsa na son aiki, ya baza shi da babban yatsa, siriri, daga nan zuwa nan, kada ya wuce. Ya durƙusa a kan ƙanƙara ya baza. Abin ya manne masa a yatsu, a hannun riga, har a gemu. Zarah tana tsaye gefe, hannu a aljihu, ba ta dube shi ba. Tun daren jiya gaisuwa kaɗai ta haɗa su.

Aka bar katakan suka sha sanyi, sannan ta hau. Ta taka dama. Ƙafar ta ɗan zame, ta tsaya. Morag ta ce ta sauke nauyinta duka a kan ƙafar, kamar mai murƙushe kyankyaso. Ta sake takawa. Wannan karon katakon ya ciji ƙasa, ɗayan ya zarce gaba. Ta taka hagu. Ta taka dama. Sandunan suka fara bin ƙafafun da kansu, yadda ta saba a kan kwalta. Ta nufi tudun nan na Litinin, ta hau shi ba ta tsaya ba, numfashinta na tashi fari a bayanta.

A saukowa ƙanƙarar ta kwashe ta, ta faɗi da gefe, faɗuwa mai ƙara. Almu ya zabura, Morag ta riƙe masa hannun riga, yatsunta suka manne. Zarah ta tashi da kanta, ta kakkaɓe, ta sake hawa. Sau huɗu tana yi. A na biyar ta sauko a tsaye, ƙafafu a buɗe kamar ɗan maraƙi, ta zo ta tsaya a gabansu tana haki.

Ta zuge babbar rigarta ta cire, ta miƙa masa.

"Riƙe mini, Baba. Zafi nake ji."

Ya karɓa da bayan hannu don kada ya ɓata ta.

"Yau zan tura musu," in ji ta.

"Me za ki ce?"

"Ka sani."

Ya dubi fuskarta, hanci ya yi ja, hula ta karkace.

"To. Ki je, Uwata. Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya."

"Amin." Ta gyara madaurin sandar a wuyan hannunta. "Gemunka akwai abu."

Ta juya ta bi gefen bishiyoyi, inda ba a tattake ba, tana nisa kaɗan-kaɗan. Almu ya rataya rigar a kafaɗa, ya laluba aljihu ya samo wata tsohuwar ambulan ta ƙaramar hukuma da biro. Ya tambayi Morag wace irin dusa ake yi a can a Janairu. Ta ce busasshiya, mai sanyin da ya wuce na shuɗin kaki ma, sai kore. Ya ce ta faɗa a hankali, daga farko. Biron ya manne a yatsunsa, takardar ta manne a biron, yana rubutu yana ɗaga kai. Zarah ta kai ƙarshen filin, ta shiga bayan bishiyoyin.

"Za ta zagayo ta ɗaya gefen," in ji Morag. "Minti goma."

Ya duba agogo, sannan ya ce ta ci gaba, bayan kore sai me.